Neman kalma: me za mu kira "well-being" idan ana maganar yara?

Jama'a assalamu alaikum, yau da roƙo na zo, ku taimaka min da kalma ɗaya. Kwana uku kenan ina fassara wani rubutu akan yadda abubuwan da ke faruwa a rayuwar yaro suke taɓa shi, mutuwar uwa ko uba, rabuwar iyaye, tashi daga wani gari zuwa wani, canjin makaranta, doguwar jinya, har da haihuwar ƙani, komai yana tafiya salin alin sai kalma ɗaya ta zo ta tsaya min a wuya, wai well-being. Kowane shafi sai ta fito sau biyar sau shida, kuma duk Hausar da na sa mata sai inji kamar na sa wa yaro rigar yayansa, ta rufe shi dai amma kowa ya gani yasan ba tasa bace.

Da farin ciki na fara, nasan shi kowa zai fara kawowa. To shi rubutun ya riga ya raba su, happiness daban well-being daban, kuma ko babu rubutun ai mun san farin ciki abu ne mai zuwa ya wuce. Ka miƙa wa yaro abin wasa yanzu zai daka tsalle ya rungume ka, farin ciki ne wannan babu ja. Amma yaron da uwarsa ta rasu wata biyu da suka wuce shima zai daka wannan tsallen, da dare kuma ya koma fitsarin kwance da ya daina tun shekara biyu baya. Kalmar da nake nema ita ce wadda zata faɗi halin da yaron nan yake ciki gaba ɗaya, har da tsallen har da daren.

Sai na koma lafiya, nan ma na ci karo da bango. Kundin Hukumar Lafiya ta Duniya da ya fara aiki a 1948 cewa yayi lafiya ba rashin cuta kaɗai bace, cikakken well-being ne na jiki da tunani da zaman mutum cikin jama'a. To in na fassara shi da lafiya kun ga jimlar ta zama "lafiya ita ce cikakkiyar lafiya", an yi ba'a yi ba kenan. Balle ita lafiya gaisuwa ta riga ta cinye ta, wanda ke kwance a gadon asibiti ma ka gaishe shi lafiya lau zai ce maka. Lafiyar ƙwaƙwalwa kuwa kar ma a fara, kana faɗa wa uwa ɗanta yana da matsalar lafiyar ƙwaƙwalwa abin da kunnenta zai ji shine ka ce ɗanta ya taɓu, daga nan hira ta ƙare.

To gani nan, ina sauraron ku.

Masha Allah, na leƙo na tarar da amsoshi sun fi ƙarfina, bari in bi waɗanda suka fi maimaituwa.

Malam, kai da ka ce kwanciyar hankali, wallahi da babba ake magana da na ɗauka ban ƙara neman wata ba. Amma ka dubi ɗan shekara uku da komai nasa ke tafiya daidai, ina kwanciya a nan? Guje-guje ne da surutu da tambayar da bata ƙarewa da ɓarna. Ranar da ka ga ya kwanta shiru ai ranar hankalinka kai zai tashi. Masu cewa natsuwa ku ma nan ne na rabu da ku, kuma tamu rabuwar tafi tsanani, domin natsuwa yabo ce a bakinmu, kuma sau da yawa yaron da abu ya daka shine yake komawa shiru, ya daina rigima ya daina neman komai a wajen kowa, manya su dinga cewa kai yaron nan ya natsu, yayi hankali tunda babansa ya rasu. Alhali ba hankali yayi ba, janyewa yayi. In na sa natsuwa a fassarar nan na ba mutane kalmar da zasu yabi ciwon da ita.

Jin daɗi kuma mutum kusan goma suka kawo. Matsalata da ita tana jan hankali wajen abin hannu, in aka ce yaran gidan nan suna jin daɗi kowa yasan me ake nufi, ci da sha da sutura da makaranta mai kyau. Wannan yana ciki amma ba shi kenan ba. A 2007 UNICEF ta jera ƙasashe masu arziki 21 akan wannan abin da muke nema wa suna, ta duba abin hannu da lafiya da ilimi da zaman yaro da iyayensa da abokansa da halayen da ke jefa shi cikin haɗari, sannan ta duba abin da su yaran suka faɗa da bakinsu game da rayuwarsu. Holan ce ta zo ta ɗaya, Birtaniya ta zo ta ƙarshe, Amurka na gabanta da taki ɗaya. Da kuɗi ne kaɗai ma'auni ai ba haka jerin zai kasance ba.

Sukuni na gode, amma ita kusan kullum a kore take zuwa, ba shi da sukuni, ya rasa sukuni, kuma wani lokacin hali ko dama take nufi. Annashuwa da nishaɗi 'yan ɗakin farin ciki ne, na wuce su.

Sai wata Hajiya da ta rubuta layi ɗaya tak, ta ce ita dai bata san fassara ba amma duk uwar da ta ga ɗanta ya canza bayan wani abu ya faru, abin da take cewa shine "yaron nan ya daina walwala". Hajiya Allah ya saka da alheri, na karanta layin nan na ajiye wayar na yi shiru, domin tun kwana uku kalmar tana gabana ina tsallake ta.

Ku duba abin da walwala ta ƙunsa a bakin uwa. Ba dariya kaɗai take nufi ba. Yaro ya saki jiki, yana ci yana barci, yana shiga cikin 'yan'uwansa, yana iya nesa da uwarsa yaje wasa saboda yasan in ya dawo zai same ta, yana kuka in an ɓata masa kuma a rarrashe shi ya haƙura ya koma harkarsa. Har kukan yana cikin walwala, abin da farin ciki bazai taɓa ɗauka ba kenan. Kuma ba abin minti biyar bace, ba'a cewa yaro yayi walwala da safe ya daina da azahar sai dai in zazzaɓi ne ya kama shi, ana lura da ita ne a kwanaki da makonni, labarin zuciya a tambayi fuska. Na gwada ta a jimlolin da suka hana ni barci kuma duk ta zauna daram: rabuwar iyaye tana iya rage walwalar yaro, rigimar da ake yi a gabansa kullum tafi rabuwar kanta cin walwalarsa, walwalarsa ta fara dawowa bayan ya saba da sabuwar makaranta. Tana raguwa, tana dawowa, ana rasa ta, ana auna ta, duk aikatau ɗin da nake buƙata ta karɓe su ba tare da na matsa mata ba.

Yanzu ga ƙorafin da wani ɗan'uwa ɗan jarida ya kawo, kuma ƙorafi ne mai ƙarfi ban raina shi ba. Ya ce walwala an riga an ba welfare, kullum a labarai jin daɗi da walwalar ma'aikata, walwalar alhazai, walwalar sojoji, in na rubuta walwalar yara mai karatu zai ɗauka tallafi za'a raba. Gaskiya ne yallaɓai, kunne ya saba da hakan. Amma ni a ganina ɗakin labarai aron kalmar yayi daga cikin gida, kuma aro baya hana mai abu amfani da abinsa. Har gobe in kace wa tsohuwa jikanki baya walwala bazata tambaye ka wace hukuma ce bata biya shi ba, zata ce me ya same shi. Abin da zan yi kawai shine farkon fitowarta a rubutun in buɗe ta da jimla ɗaya, ince walwala a nan tana nufin sakin jiki da lafiyar zuciyar yaro a zamansa na yau da kullum, daga nan in sake ta ta ci gaba da tafiya ita kaɗai.

Wata 'yar'uwa malamar makaranta ta ce to yaron da shi dama can miskili ne ko mai kunya fa, shikenan sai ace bashi da well-being? A'a malama, ba da yaron maƙwabta ake gwada shi ba, da shi kansa na jiya ake gwada shi. Miskili ma yana da tasa walwalar, wanda ya san shi yasan ranar da ta ɓace.

Tunda an taru bari in ci riba, akwai wasu kalmomin da suka biyo ta a rubutun.

Life events na farko. Wasu sun ce musibu, wasu jarabawa, ban ɗauki ko ɗaya ba saboda ba duka ne marasa daɗi ba. Tun ma'aunin da wasu likitoci biyu, Holmes da Rahe, suka fitar a 1967, mai abubuwa 43, na manya ne, mutuwar miji ko mata suka ba maki 100, saki 73, amma aure ma da ake murna da shi sun bashi 50. Abin da suke aunawa shine yawan gyaran zama da abin ke tilasta wa mutum. Haka yake ga yaro, an yi masa ƙani gida ya cika da murna shi kuma cinyar da yake hawa an karɓe, ko an koma gida mafi kyau amma abokinsa na ƙut da ƙut yana can an baro shi. Don haka sauye-sauyen rayuwa na sa, in akwai wadda ta fi ta ku kawo.

Trauma kuwa asalinta a Girkanci rauni take nufi, na jiki ma. Mutane suna cewa tabon zuciya, ni miki yafi kwanta min, domin tabo ciwon da ya warke ne ya bar shaida, miki kuwa yana nan ɗanye ko an rufe shi da riga. Kuma in muka ɗauki miki mun samu kyautar wata kalmar a bagas, fami. Abin da suke kira trigger kenan, ƙarar ƙofa ko ɗaga murya ko warin asibiti ya fama wa yaro mikin da kowa ya ɗauka ya wuce. Kuma mikin nan ba a yarinta yake tsayawa ba. Binciken da likitoci Vincent Felitti da Robert Anda suka jagoranta a San Diyego ta Amurka tsakanin 1995 da 1997 ya tambayi manya sama da 17,000 abin da suka gani suna yara, duka, zagi, cin zarafi, sakaci, shaye-shaye a gida, ganin ana dukan uwa, ɗaure wani ɗan gidan a kurkuku, kusan kashi biyu cikin uku sun ce aƙalla ɗaya ya same su, kuma iya yawan abin da mutum ya haɗu da shi iya ƙaruwar haɗarin ciwon damuwa da shaye-shaye har da ciwon zuciya bayan shekaru masu yawa. A irin wannan wajen ne na yarda walwala ita kaɗai tayi kaɗan, sai na haɗa, nace lafiya da walwala.

Resilience ce muka fi jayayya a kanta da Malam. Shi juriya yake so. Ni kuma ina tsoron juriya kamar yadda nake tsoron natsuwa, domin juriya haɗiyewa ce, a danne a yi shiru, kuma mun iya yabon yaro da ita mu tafi mu barshi da kayansa. Ita resilience ɗin asalinta na Latin komowa take nufi, abu ya lanƙwashe ya dawo. Farfaɗowa tafi kusa. Wata masaniyar halayyar yara, Emmy Werner, ta bi yara 698 da aka haifa a 1955 a tsibirin Kauai na Hawai har suka kai shekara 40, cikin waɗanda suka taso a talauci da rigimar gida da rashin lafiyar iyaye kusan ɗaya cikin uku sun girma lafiya ƙalau, kuma abin da ya dinga maimaituwa a labarinsu shine akwai wani babba ko da guda ɗaya da ya riƙe su da gaske, kaka ko goggo ko malamin makaranta. Kaga kenan ba taurin rai bane yaron ya zo dashi shi kaɗai, hannu ya samu. Juriya tana ɗora nauyin akan yaro, farfaɗowa kuwa kana jinta kasan akwai wanda ya yayyafa ruwan. Malam bai yarda ba har yanzu, ya ce farfaɗowa sai wanda ya suma, na bar masa wannan sai mun sake haɗuwa.

To ni dai na rubuta walwala, na wuce shafi na tara da ita ba tuntuɓe. Inda na sake maƙalewa shine ƙarshen rubutun, akwai tambayoyin da za'a yi wa su yaran da kansu, 'yan shekara bakwai zuwa goma. Bazaka tsare ɗan shekara bakwai kace masa "kana walwala?" ba, kallonka kawai zaiyi, kalmar manya ce da suke faɗa akansa ba wadda shi yake faɗa akan kansa ba. Iyaye mata da malaman firamare, in kuna so ku ji ya yaro yake a ransa kwanakin nan, da wace jimla kuke tambayarsa har ya buɗe baki?