Kafin ka sayi maganin ganye na kwalba

A wata tattaunawa da aka yi kan batun ganyayyakin da ake tacewa a ɗura a kwalba ko kafso, shawarar farko ita ce a duba lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta Najeriya. Amma an ja kunne: lambar da ta ƙare da harafin L shaida ce ta gwajin rashin cutarwa, ba ta warkarwa ba.

An fi daɗewa kan maganin ƙarfin maza. Wasu masu haɗa shi na ɓoye sildenafil, sinadarin Viagra, a ciki, su rubuta "ganye zalla". Mai shan wasu magungunan ciwon zuciya, idan ya sha irin wannan, jininsa na iya faɗuwa ƙasa warwas.

Kwalbar da ba sunan tsiro, ba ranar lalacewa, a bar wa mai ita. Ni kam wadda ke iƙirarin maganin basir, sanyi da suga a lokaci guda ta fi ba ni tsoro.