Likitan mata ko likitan haihuwa?

'Yan'uwa, ku taya ni. Jiya ina rubutu kan Farfesa Kelsey Harrison, ɗan Abonnema ta jihar Ribas, wanda ya yi aiki a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello daga 1972 zuwa 1981. Da na zo faɗin fanninsa sai alƙalami ya cije. Bature na cewa obstetrician and gynaecologist, mu kuwa mukan dunƙule duka mu ce likitan mata.

Ni dai wannan suna bai ishe ni ba. Likitan mata shi ke duba ciwon mara, rikicewar al'ada, ƙari a mahaifa. Ɗaya fannin kuwa yana farawa ne ranar da mace ta soma zuwa awo, har ta sauka ta shiga jego: jijjiga, ɓallewar jini, doguwar naƙuda, ɗa ya zo a gicciye a shiga da uwa tiyata da tsakar dare.

A nan Harrison ya yi suna. Shi da abokan aikinsa sun bi diddigin haihuwa 22,774 a jere a Zariya, aka buga sakamakon a 1985. Mace-macen sun fi yawa cikin matan da ba su taɓa zuwa awo ba, waɗanda sai naƙuda ta gagara a gida ake kawo su, akasari ba su shiga aji ba. Shi ya sa ya dage cewa ilimin 'ya'ya mata magani ne. Mai irin wannan aiki ya cancanci suna nasa na kansa.

Wani ya ba ni shawarar likitan ciki. Kunnen Bahaushe gyambon ciki zai jiyo. Ungozoma kuma tana da nata matsayin, ba ita ke fiɗa ba.

Ranar da ƙanwata ta kwana biyu kan gwiwa, ina tsaye a barandar asibiti da kwanon abincin da ba wanda ya buɗe, na ji goggonmu ta riƙe hannun nas tana cewa, "'Yar nan, don Allah kira mana likitan haihuwa." Ba wanda ya koya mata, nas ɗin kuma ba ta nemi bayani ba. Na tsaya a nan: likitan haihuwa. Mai riƙe da fannonin biyu, likitan mata da haihuwa.

Saura wata kalma da ita ma ta cije mini a rubutun: abin da Bature ke kira papers, wato wasiƙu, rijistar ɗakin haihuwa da rubutun hannun da ake adana wa masu bincike. In ka ce takardunsa, za a zaci shaidar karatu ce ko ta fili. Na fi son kundi. Kakana na da nasa cikin gafaka, warƙoƙi ba ɗinki, kowace da tawadarta, ba ya barin yaro ya taɓa. Inda ake ajiye irinsa, kamar Arewa House a Kaduna, taska ce. Kundin Farfesa Harrison ke nan, sai in mutanen Zazzau na da kalmar da ta fi wannan zama a baki.