Sirdin keken yarona da birkinsa: a ba ni shawara

Abban Yusuf:
Assalamu alaikum jama'a. Na saya wa ɗana keke na hannu, irin 'yan Beljiyam ɗin nan, don zuwa boko da Islamiyya. Shekararsa 13. Mahaifiyarsa ta sa an sauke sirdin can ƙasa domin ƙafarsa ta riƙa taɓa ƙasa in ya tsaya, yanzu kuma kullum ya dawo sai ya ce gaban gwiwarsa na ciwo. Sai birki: na baya ba ya kamawa sai an matse shi har ya haɗu da kan keken, na gaba kuwa ƙara yake yi. Abokansa sun ba shi shawarar ya cire na gaban, wai shi ke wurga mutum. Hanyarsa akwai gangara, ga 'yan adaidaita. Hankalina bai kwanta ba, don Allah masu sani su taimaka.

Usman Mai Keke:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Gyaran keke ne sana'ata. Kafin komai: kada ya sake ya cire birkin gaba. Shi ne ke tsayar da keke da gaske, domin in an ja birki nauyin mutum gaba yake komawa, tayar baya sai ta yi ta jan ƙasa. Abin da ke wurga mutum shi ne ya damƙe na gaba shi kaɗai farat ɗaya yana cikin gudu. A koya masa ya matsa biyun tare a hankali, ya ɗan ja jikinsa baya.

Ciwon gwiwar nan daga sirdi ne. Ka jingina keken da bango, ya hau ya zauna, ka juya feda ɗaya ta sauko ƙasa sosai, ya ɗora dunduniyarsa a kai. Ka yi ta ɗaga sirdin har ƙafar ta miƙe sak. To in ya koma tuƙi da gaban tafin ƙafa, za ka ga gwiwar ta ɗan lanƙwasa kaɗan, nan ne daidai. Sai ka tsaya a bayansa yana tuƙi: in ƙugunsa na karkata dama da hagu, ya yi tsawo, ka rage. A jikin ƙarfen sirdin akwai wani layi da aka zana, lallai ya kasance a cikin bututu, ba a ganinsa. Na sha karɓar keken da aka zaro ƙarfen ya wuce layin nan har bakin bututun ya tsage. In ka gama ka ɗaure notin tam, yawanci sifana mai lamba 13 ce ko alanki (ɗan ƙarfen nan mai lanƙwasa kamar harafin L), ka kama sirdin ka murɗa da ƙarfi, kada ya motsa. Kuma ya kwanta daidai, kada bakinsa ya kalli sama.

Birkin baya kuwa waya ce ta saki ko roba ta cinye. Duba robar: in tsagin da ke jikinta ya shafe, canza ta, ba ta da tsada. In da sauranta, inda waya ta fito daga hannun birki akwai ɗan noti mai juyawa da yatsa, ka warware shi waje kaɗan kaɗan har birkin ya kama tun hannun yana tsakiyar hanya. In bai isa ba, sai a sassauta notin da ya riƙe wayar a ƙasa a ja ta. Wayar da ta fara tsittsinkewa ba a lallaɓa ta.

Maman Hafsat:
Malam Usman, ni dai ina bayan mahaifiyarsa. In an ɗaga sirdi haka, yaya zai yi in mota ta yanko masa?

Usman Mai Keke:
Hajiya, tsoronki na kan hanya, kuma ga ɗan koyo gaskiyarki ce, ƙafarsa ta taka ƙasa sosai. Amma wanda ya iya, yatsun ƙafa su taɓa ya wadatar. In zai tsaya, zamowa yake gaba daga sirdi ya sa ƙafa. A ɗaga masa kamar faɗin yatsa ɗaya, ya saba, a ƙara. In ya tsaya a ƙasa sandar tsakiya na tokare shi, keken ne ya fi ƙarfinsa.

Bashir Zariya:
Ƙari a kan na Malam Usman. Kekunan hannu ba daga ƙasa ɗaya suke fitowa ba: na Ingila birkin gaba a dama yake, na Amurka da yawancin Turai a hagu. Alhaji, ka sa ya tura keken a tsakar gida ya matsa ɗaya bayan ɗaya har hannunsa ya san kowanne. Ƙarar na gaban kuma, sau da yawa mai ne ko datti a jikin rim. Yara in suna zuba wa sarƙa baƙin mai har rim suke shafawa. A wanke da omo, a goge fuskar robar da samfefa, a tabbata rim take kamawa, ba gefen taya ba, don tana iya yanka tayar. In rim ɗin na ƙarfe ne mai ƙyalli, da damina ya fara jan birki tun daga nesa, jiƙaƙƙe ba ya kamawa da wuri.