A taimaka da Hausar BCI kafin ƙarfe 6

Mai Shirin Kimiyya: Jama'a a agaza. Ƙarfe 6 zan yi hira da injiniya mai aikin brain-computer interface (BCI), irin abin da kamfanin Neuralink ya dasa a ƙwaƙwalwar wani Ba'amurke mai shanyewar jiki a Janairun 2024, har yake motsa kibiyar kwamfuta ba hannu. Me zan kira shi?

'Yar Zazzau: Mahaɗin ƙwaƙwalwa da kwamfuta.

Ɗan Kurmi: Mahaɗi kuma? Sai ka ce wake da shinkafa. Mahaɗa dai.

Tsohon Malami: Kwamfuta ba Hausa ba ce. Na'ura mai ƙwaƙwalwa muka koyar.

'Yar Zazzau: To Baba, "mahaɗar ƙwaƙwalwa da na'ura mai ƙwaƙwalwa" ke nan. Wa zai faɗi wannan a rediyo bai sarƙe ba?

Ɗan Kurmi: A dunƙule su: ƙwaƙwamfuta.

Injiniya: Ni ne baƙon shirin. Mahaɗa ta yi kaɗan, don ba jona waya kawai muke ba. Wanda Neuralink ya dasa a 2024 zare 64 ne masu bakin lantarki 1,024, na kamfanin Synchron kuwa ta jijiyar jini ake zura shi, ba a buɗe ƙoƙon kai. Dukkansu motsin lantarkin ɓangaren da ke ba gaɓoɓi umarni suke ɗauka. Aikinmu na yini shi ne tace hayaniya da koya wa manhaja cewa wannan tartsatsin "hagu" yake nufi. Ni tafinta zan ce. Don Allah kada a ce "mai karanta tunani", tsorata mutane yake yi, kuma ba haka ba ne.

Tsohon Malami: Tafinta ma daga Turanci take, ɗana.

Badamagare: Na'urar taku daga Larabci take, Malam. Mu nan ordinatar muke ji a bakin 'yan makaranta. Kullum ku na Kano ku yanke, ku ce Hausa ta yanke.

Tsohon Malami: Daidaitacciyar Hausa ba ni na ƙaga ta ba.

Ɗan Kurmi: Har yanzu ba wanda ya kawo aibin ƙwaƙwamfuta.

'Yar Zazzau: Sunan mutum-mutumi ya yi kama da shi, ga aibin.

Mai Shirin Kimiyya: Saura minti 20. Zan buɗe da "mahaɗar ƙwaƙwalwa da kwamfuta", manhajar kuma in ce "tafintar ƙwaƙwalwa".

Tsohon Malami: Na yau kaɗai. Kada in gan ta a littafin 'yan makaranta.