Wai Sace Kwalejin Barewa Aka Yi Daga Katsina?

(Daga zauren WhatsApp na tsofaffin abokan karatu, daren Asabar)

Ɗan Dikko: Salamu alaikum jama'a. Abin nan ya tsaya min a rai tun jiya. Na je ɗaurin aure Zariya, muka bi ta unguwar Gaskiya, sai wani yaro a motar ya nuna ƙofar Barewa yana cewa ai tun 1921 take nan. Na ce masa yaro rufe bakinka. A Katsina aka kafa ta a 1921, zamanin Sarki Dikko, don horar da malamai, Gwamna Clifford da kansa ya zo ya buɗe ta a 1922. Ginin jar ƙasar yana nan tsaye, kowa ya je ya gani. Sace mana makaranta aka yi, yanzu kuma har tarihin ake son haɗawa a tafi da shi.

Bazazzage: Wa alaikumus salam. Sace? Alhaji janye kalmar nan tukuna mu yi magana. Wa ya sata? Cikin dare aka ɗora ta a jaki?

Ɗan Dikko: Abin da aka ɗauka ba da yardar mai shi ba, meye sunansa a Zazzau?

Malam Mai Ritaya: Ku bi a hankali 'ya'yana. Turawan da suka kafa ta su suka ɗauke ta. A 1938 aka mai da ita Kaduna, hedikwatar Arewa, ta zama Kwalejin Kaduna. Sai a 1949 ta iso Zariya. Sunan Barewa kuwa a 1971 ta same shi. Shekara 11 ta yi a Kaduna kafin Zagezagi su sa ta a ido.

Tumbin Giwa: Au, ashe kayan sata Zariya ta saya. To ai abokin ɓarawo ɓarawo ne 😂

Bazazzage: Kai bawana, wa ya sa da kai? Manya na magana.

Ustaz: Afuwan, kalmar ce ba ta zauna ba. Sata a fiƙihu sai an ɗauke abu a ɓoye daga ma'ajiyarsa. Wannan kuwa da rana tsaka aka yi, kowa na kallo. In ma za a kira shi wani abu, ƙwace ne.

Ɗan Dikko: Madalla Ustaz. Na karɓa. Ƙwace.

Bazazzage: Ai ƙwacen ya fi satar muni! Ustaz gyara ka zo yi ko ƙara wa wuta fetur?

Ustaz: Ni ma'anar kalma kawai na faɗa, ban ce an yi ba.

Tumbin Giwa: Ƙwace sai da ƙarfi. Yaushe Bazazzage ya yi ƙarfin ƙwace wani abu a hannun Bakatsine? Ni dai a bar shi a sata.

Ɗan Dikko: Kunya gare mu ba dai tsoro ba. Kara muka yi, shi ya sa aka tafi da ita.

Bazazzage: To ka gani. Da bakinka ka ce kara. Wanda ya yi kara ya bayar, ba ya dawowa bayan shekara 80 da ɗoriya yana ihun ɓarawo.

Hajiya Babba: Ni tambayata daban. Makarantar nan maza zalla ce tun daga Katsina har yau. Lokacin da ake ta yawo da ita gari gari, ina aka ajiye 'ya'ya mata?

Tumbin Giwa: Duk wannan hayaniya a kan 1921. Baturen nan Ɗan Hausa (Hanns Vischer) ya buɗe makaranta a Nassarawa ta Kano tun 1909, gidansa na nan. Ga Kwalejin Rumfa tun 1927, ba wanda ya taɓa gusar da ita daga Kano.

Bazazzage: Kwalejin Alhudahuda ta Zariya fa? Tun 1910. Birnin ilimi ba a baki ba ne kawai.

Tumbin Giwa: 1909 da 1910 wanne ne yaya? Gaishe ni.

Ɗan Dikko: Kada ku karkatar da zance. Sardauna a Katsina ya yi karatu. Tafawa Ɓalewa a Katsina. Amma yau in ana lissafi sai a ce 'yan Barewa ne, a liƙa wa Zariya.

Bazazzage: Gowon da Murtala fa, a ina suka yi? Kuma Alhaji bari in taɓa maka inda ke ciwo. Cikin shugabannin ƙasa biyar da makarantar ke alfahari da su, Bakatsine ɗaya ne, Umaru Musa 'Yar'aduwa, shi ma Zariya ya zo ya same ta.

Ɗan Keffi: Dakata malam. Marigayi namu ne. A Kwalejin Gwamnati ta Keffi ya yi sakandarensa, HSC, karatun share fagen jami'a, kawai ya je yi Barewa. Ku ma kun iya satar ɗalibai.

Bazazzage: Ga wata satar kuma! Yau kowa sata ya kwana da ita a baki.

Malam Mai Ritaya: Shagari da Malam Aminu Kano kuma 'yan zamanin Kaduna ne. Ban ji wani ɗan Kaduna ya yi ƙorafi ba.

Tumbin Giwa: Baba ai Kaduna ba ta da 'yan gari, kowa baƙo ne.

Kada Garinmu: A goge wannan maganar ko in fita daga zauren nan.

Ustaz: Alhaji, kana da wata takarda da ta nuna Katsinawa sun ƙi yarda a lokacin?

Ɗan Dikko: Kakana ya gaya min ranar da aka kwashe ɗaliban garin kamar an yi mutuwa. Wace takarda ta fi wannan?

Bazazzage: Kakan nawa ma ya ce da guɗa aka tarbe su.

Hajiya Babba: Ba wanda ya amsa min tambayata.

Admin (Tudun Wada): To jama'a dare ya yi, bari in taƙaita. An yi ittifaƙi cewa a Katsina aka haifi makarantar, amma shekara 17 kacal ta yi a can, ta yi 11 a Kaduna, ta kuma haura 70 a Zariya, inda ta yi suna, inda aka yi mata bikin cika shekara 100 a 2021. Don haka maganar sata ba ta da tushe, kuma kowa ya gamsu. Har zuwa 1987 ma jiha ɗaya muke da Katsina, mutum ba ya satar kayan gidansu. Alhaji zai janye kalmarsa. An rufe.

Ɗan Dikko: Wa ya gamsu? Admin a ina aka yanke maka cibiya?

Tumbin Giwa: Duba sunan unguwar da ya liƙa a gaban sunansa mana 😂

Ustaz: Ni dai har yanzu ina kan cewa ƙwace ne ba sata ba.