Kasuwar dare a Bali: a ina musulmi zai ci abinci hankalinsa kwance?

Mai yadi, Aboabo: Assalamu alaikum. Ina shirin zuwa birnin Jakarta na ƙasar Indonesiya sayen yadi a kasuwar Tanah Abang, kuma in Allah ya yarda zan leƙa tsibirin Bali kafin in dawo Kumasi. Abokan sana'a a kasuwar Kejetia ta Kumasi sun yi ta yaba mini kasuwannin dare na Bali, sai dai na ji cewa yawancin mutanen tsibirin ba musulmi ba ne. Ina roƙon waɗanda suka san wurin su faɗa mini kasuwar da ta fi dacewa da abincin da ya kamata in kauce wa.

Alhaji, Asawase: Wa alaikumus salam, ƙanina. Abin da ka ji gaskiya ne, domin fiye da kashi 80 cikin ɗari na mutanen Bali mabiya addinin Hindu ne, saboda haka kada ka tafi da sakin jikin da ka saba da shi a Jakarta. Abincin da suka fi alfahari da shi shi ne babi guling, wato alade ne da ake gasawa ɗungurungum, kuma a kasuwar dare ta Gianyar, kusa da garin Ubud, za ka gan shi a shimfiɗe a kan teburi. Duk allon da ka ga an rubuta "babi" a kai, wato alade, ka wuce kawai. Wanda ya fi yaudarar baƙo shi ne lawar, domin a ido kayan lambu ne da kankararriyar kwakwa, amma sau da yawa ana haɗa shi da naman alade, wani lokaci har da ɗanyen jini. Ni a ganina ka fara da kasuwar Sindhu da ke garin Sanur ko ta Kreneng a Denpasar, babban birnin Bali, inda masu rumfa da yawa musulmi ne daga tsibiran Java da Madura, suna sayar da tsiren akuya da romon kaza da ake kira soto ayam.

Hajiya, Sabon Zango: Alhaji ya yi bayani, amma ina ganin idan ɗan'uwanmu ya tsaya a rumfunan mutanen Java kaɗai, zai dawo bai ɗanɗani girkin Bali ba. Akwai sate lilit, niƙaƙƙen kifi da aka cuɗa da kwakwa da kayan yaji, aka naɗe shi a jikin karan ciyawar lemo ko faffaɗan tsinken gora, sannan aka gasa a kan garwashi. Akwai kuma nasi jinggo, 'yar shinkafa da taliya da yaji a ƙunshe cikin ganyen ayaba, kamar yadda ake ƙunsa mana wake da shinkafa a ganye a nan, sai dai ƙunshin ƙarami ne ƙwarai, biyu ba za su ƙosar da magidanci ba. Abin lura shi ne, ana yin sate lilit da alade ma, don haka ka dubi magasar da kyau, ka tabbata ba a gasa nau'i biyu a kanta. Game da kaza kuwa, yanka ne abin tambaya, shi ya sa na fi natsuwa da kifi.

Malam, Tafo: Ƙari kaɗan a kan maganar Hajiya. Ka riƙe ƙananan takardun Rufiya, kuɗin ƙasar, ka isa da magariba kafin abincin ya daɗe a kasko, kuma ka kula da ƙafarka, domin suna ajiye 'yan kwandunan furanni na ibadarsu a ƙasa a bakin rumfuna. Sannan ka binciki ranar Nyepi, wato ranar shiru ta sabuwar shekarar mabiya Hindu na Bali, wadda takan faɗo a watan Maris, domin a ranar ba a fita ko'ina, har filin jirgin sama ake rufewa.

Mai yadi, Aboabo: Na gode, Allah ya saka da alheri. Hajiya, shin yajin nan nasu na ɗanyar albasa, sambal matah, ana sa masa wani abu na nama, ko kuwa man kwakwa da niƙaƙƙen jatan lande ne kawai?