Shafi 150 ba gawa: in ci gaba ko in ajiye?

Autar Zaure: Salamu alaikum jama'a. Ina shafi na 150 a Gaudy Night, littafin binciken laifi na Dorothy Sayers, har yanzu ba wanda ya mutu. Wasiƙun zagi ne kawai marasa suna, sai ɓarna a kwalejin mata. Akwai gawa a gaba, ko in ajiye?

Yaya Babba: Wa alaikumus salam. Auta, ba za ki ga an kashe kowa ba, gara ki sani tun yanzu. Ni ma haka na yi ta jira, ga shi Lord Peter Wimsey, mai binciken nan na littattafan Sayers wanda dominsa na sayi littafin, yana can ƙasar waje kan aikin gwamnati, sai can ciki yake bayyana. Gaskiya na gaji da hirar malamai a teburin cin abinci.

Malamar Adabi: Haba Yaya, ai wannan hirar ce littafin! Ya fito a 1935, shekara 15 kacal bayan Jami'ar Oxford ta fara ba mata digiri a 1920. Ita kanta Sayers ta gama karatu a kwalejin Somerville tun 1915, amma sai da ta jira shekara biyar kafin a miƙa mata digirin. To ku duba halin da malaman kwalejin Shrewsbury ta cikin labarin suke. Idan suka kira 'yan sanda, jaridu za su ce ga abin da boko ke yi wa mata. Shi ya sa suka roƙi tsohuwar ɗalibarsu, Harriet Vane, ta bincika a ɓoye. Mutuncin gidan gaba ɗaya ne a kan faifai, kuma kowace malama ta fara kallon 'yar'uwarta da zargi. Ni wannan ya fi gawa hana ni barci.

Autar Zaure: Malama, wurin da aka lalata rubutun Miss Lydgate, ɗaya daga cikin malaman, kam ya taɓa ni. Shekaru tana wahala a kansa.

Malamar Adabi: Yauwa ƙanwata. Kuma akwai ɗalibar da wasiƙun nan za su kusa kai ta lahira. Ba wasa ba ne.

Ɗan Zinder: Ni abin da ya ba ni haushi ƙarshen ne. Wadda ta yi ɓarnar ai...

Uwar Zaure: Malam dakata! Mun yi dokar ba tona asirin labari. Bari Auta ta gama.

Ɗan Zinder: Afuwan Hajiya. Abin da zan ce kawai, da aka gano mai laifin, sai na ji hujjarta ta fi ta masu ilimin shiga raina, alhali marubuciyar ba ɓangarenta take ba. Auta, in kin gama ki neme ni mu yi gardama.

Yaya Babba: In ana son marar kisa wanda ke tafiya da sauri, a nemi The Franchise Affair na Josephine Tey, 1948. Yarinya 'yar shekara 15 ta ce wata mata da tsohuwar uwarta sun kulle ta a ɗakin sama suna dukanta, kuma ta siffanta gidan tsaf. Wani lauyan ƙaramin gari, Robert Blair, shi ya tsaya musu. Kwana biyu na yi na cinye shi.

Malamar Adabi: Yana da daɗi, sai dai Tey ta tsani yarinyar nan fiye da kima, har abin ya dame ni. Tushensa shari'ar Elizabeth Canning ce da aka yi a Landan, wadda ta ɓata a 1753. Auta, kin karanta Strong Poison na 1930? A can aka gurfanar da Harriet bisa zargin kashe saurayinta da guba, Peter ya cece ta. In ba ki san wannan ba, ba za ki gane me ya sa take ta ƙin aurensa ba.

Autar Zaure: Ban karanta ba wallahi. Ashe shi ya sa nake ganin kamar jan aji take yi.

Uwar Zaure: Ina da shi, bangon ne kawai ya yage. Ki turo yaro gobe bayan la'asar, amma a dawo min da shi, don wanda na ba da aro bara har yau shiru.